Lamba Ta Goma Sha Ɗaya

Ni ne Ilu mai fito a mashigin Ɗan Marke,
rediyona na rataye a ƙusa, can goshin jirgi.
Ran Talata aka ce gadarmu ta hau jadawali,
ita ce ta goma sha ɗaya a takardar zaman Dutse.

Na riƙa ƙirgawa da gora, kowace tunkuɗa lamba guda.
Ta ɗaya addu'a, ta biyu gyaran rubutun jiya,
ta uku ta'aziyyar surukin wani mai kujera,
ta huɗu gardama kan wa ya riga wa ɗaga hannu.
Kafin a kai ta bakwai la'asar ta yi sakaliya,
guduma ta faɗi: an ɗage sai Alhamis.

Alhamis kujeru sun fi mutane yawa.
Mako na gaba hutun salla.
Kogi kuwa bai san hutu ba:
ya lashe shinkafar Tabawa,
ya shiga rumbun Jibo ya auni gero da kansa.

Wata Asabar wakilinmu, Barau Talle, ya shigo jirgina,
takalma a hannu, wando naɗe har gwiwa.
Na ce, ranka ya daɗe, ina aka kwana?
Ya ce, Ilu, ba ni ke jera layin ba.
Akwai kwamitin da ke tsara abin da za a kira,
kamar mai rabon tuwo a gidan suna,
wanda ta ga dama shi ke samun malmala da zafinta.

Sai da kaka ta yi aka iso kanta.
Minti tara, na duba a agogon wani ɗan acaɓa.
Masu cewa i suka rinjaya,
Tabawa ta rangaɗa guɗa a tsakiyar ruwa
har jirgi ya yi tangaɗi.

Da ya sake hayewa na ce, to yaushe siminti?
Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
Ya ce, kira muka yi.
Ƙudiri roƙo ne da ya sha babbar riga.
Sandar majalisa tamu ce,
makullin baitulmali yana wani aljihun.
Sau uku muna gayyatar kwamishina:
na fari ya yi tafiya, na biyu ya aiko darakta,
na uku ya zo da fayil da murmushi,
ya ce an lura, ana dubawa.
Mu kan iya rubuta gada a kasafi,
ba mu da ikon ɗaga shebur.
Ladanai ne mu, Ilu,
liman yana gidan gwamnati, bai ko yi alwala ba.

Ban faɗa masa nawa ba.
Ran da gada ta tsaya da ƙafarta,
jirgin nan ya zama komin ba awaki dusa.
Ɗari biyu kowane kai, babur ɗari biyar,
da su nake sayen littattafan Sagiru.
Amma ni ne na haye da Dije cikin dare tana naƙuda,
tocila a bakina, igiyar ruwa na marin katako,
muka isa gaɓa da shiru
a wurin da ya kamata a ji kuka.
Tun daga daren nan, in na ɗaga hannu bayan salla,
ban san wanne zan roƙa ba.

Yau an ce an fitar da sabon jadawali.
Mun koma ta goma sha huɗu,
sunanmu yanzu bibiyar ƙudirin bara.
Batir ya yi sanyi, na ciro shi na shanya a rana.
Ga mutum uku da akuya can tsallake
suna ɗaga mini hannu.